An ba 'yata gurbin karatun abinci mai gina jiki, ina neman shawararku

Baban Hafsat, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masu ilimin cikinmu. 'Yata ta nemi karatun likita sau biyu makinta bai kai ba. Bana ta canza, jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta ba ta gurbi a sashen kimiyyar abinci mai gina jiki da tsara abincin marasa lafiya. Ita tana so ƙwarai. Uwarta ta ce ta haƙura ta sake jarrabawa baɗi. Ni ɗan kasuwa ne, ban san me masu wannan karatu suke yi in sun gama ba. Akwai aiki? Ana cin abinci da shi? Don Allah wanda ya sani ya fayyace min.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ɗaya ce. Ka biya kuɗin makaranta shekara da shekaru don a koya wa yarinya a ci wannan a bar wancan? Wannan ai a gindin murhu uwarta za ta koya mata kyauta. Ka sa ta karatun nas, ko ina ta je za ta samu aiki.

Anti Nas, Idi-Araba:
Alhaji, da girmanka, ba haka abin yake ba. Ni nas ce, kuma a ɗakin masu ciwon ƙoda akwai lokacin da mu da likita muke tsayawa jiran mai tsara abinci. Mutumin da ake wa wankin ƙoda, ayaba da lemon zaƙi da kake ganin lafiya ne suna iya cika masa jini da sinadarin fotasiyam har zuciya ta rikice. Wanda aka sa wa bututu ta hanci, wani ne zai lissafa abin da za a zuba masa a rana, da yawan ruwa, da yawan furotin, bisa nauyinsa da sakamakon gwajin jininsa. Bari Malama Zulai ta shigo, aikinta ne.

Malama Zulai, Surulere:
Assalamu alaikum. Baban Hafsat, Allah ya sanya alheri. Bari in ba ka hanyar daki-daki yadda na bi ta.

Karatun shekara huɗu ne ko biyar, gwargwadon jami'a. Shekarun farko kimiyya ce zalla, har da ilimin sinadaran jiki, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da ƙwayoyin cuta, da lissafin ƙididdiga. Girki yana ciki, amma ɗan kaɗan ne, kuma da sikeli ake yin sa. In ta gama hanya ta rabu. Wanda yake son asibiti zai yi shekara guda ta horo a babban asibiti, sannan bautar ƙasa, ya zama mai tsara abincin marasa lafiya irina. Wanda yake son aikin al'umma zai nufi ma'aikatar lafiya, ko hukumar kula da lafiya a matakin farko, ko ƙungiyoyin agaji, yawanci ya ƙara digiri na biyu a lafiyar al'umma. Akwai masu shiga kamfanonin abinci, a Legas kuwa suna da yawa a Ikeja da Apapa, akwai masu shiga NAFDAC, akwai masu bincike a wurare irin cibiyar binciken lafiya ta Yaba ko ta binciken masana'antu da ke Oshodi. Fannin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar masana abinci mai gina jiki ta Najeriya tun 1963 take, kuma jami'o'in Ibadan da Nsukka sun daɗe suna yaye mutane.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan. Duk ranar da nake duba masu ciwon suga, in aka ga Bahaushe sai a turo min shi, domin babu wani mai jin Hausa a sashenmu. Kwanaki aka kawo min wani dattijo mai gadi, riƙe da takardar abinci da aka ba shi a wani wuri, an rubuta masa abubuwan da bai taɓa sa wa a baki ba. Na ajiye takardar na ce Baba, faɗa min abin da ka ci jiya tun daga asuba. Shayi a wajen mai shayi, babban kofi, sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, da rabin burodin Agege. Da rana taliyar leda biyu da lemon kwalba. Da dare tuwo malmala uku. Ban hana shi tuwo ba. Malmala ɗaya da rabi muka tsayar, miyar kuka ko ta zogale ta fi tuwon yawa, wake ya shigo da rana, lemo ya fita gaba ɗaya, sukarin shayi muka riƙa ragewa mako-mako. Wanda bai san mai shayi ba, bai san fura da nono ba, bai san yadda muke buɗa baki da azumi ba, ba zai iya wannan zaman ba komai iliminsa.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
To Malama na ji. Amma maganar ƙiba da masu wannan karatu suke ta yi, ai ta Turawa ce. Mu yunwa ce matsalarmu. Je ki ƙauyenmu ki ga yara. Mutum ya samu ɗan rufin asiri ya yi tumbi sai ku ce ciwo ne.

Dakta Sani, Yaba:
Ranka ya daɗe Alhaji, duka biyun namu ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa ake neman masu wannan ilimi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Binciken nan dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, a birane ma ya fi haka. Ana samun gida ɗaya uwa da teɓa, yaronta kuma ya kasa girma, domin abin da ya fi araha shi ne mai cika ciki, sitaci da mai da sukari, ba mai gina jiki ba.

Kuma akwai igiyar da ta ɗaure su. A ƙarshen shekarun 1980 wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun haihuwa ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. An ga makamancin haka a mutanen Holan da uwayensu suka yi goyon cikinsu lokacin yunwar 1944 zuwa 1945. Jikin da ya tashi cikin rashi yakan saba da tattali. To ka ɗauki yaron da ya taso haka a ƙauye, ya zo Legas yana ɗan shekara 20, ya samu kuɗi, ya zauna a shago daga safe zuwa dare, ko ya yi awa uku a danfo yana shan lemo a cunkoson hanya. Shi ne muke gani a shekara 45 da hawan jini da ciwon suga, wani ma da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa muke nacewa a kan kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu.

Ni likita ne, ina horon ƙwarewa a lafiyar al'umma, kuma zan faɗa muku darasin abinci da aka ba mu a makarantar likita bai taka kara ya karya ba. In muka tashi yin bincike a unguwa, masu irin karatun da Hafsat za ta yi su ke tsara tambayoyin abin da mutum ya ci cikin awa 24, su ke mayar da ludayin miya da malmalar tuwo zuwa giram, su ke horar da masu awon yara.

Ɗan Gwarzo, Obalende:
Ni ma bari in sa baki, don na yi wannan aiki a Arewa kafin in dawo Legas. Ba digirin na yi ba, jami'in lafiyar al'umma ne ni, amma shugabarmu a filin aiki shi ta karanta. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake naɗa wa yaro a dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sai ka danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu ka ƙirga uku, in rami ya zauna to kumburi ne, ko da uwar tana murna yaro ya yi ƙiba. Sai gwajin ci: a wanke wa uwa hannu, a yaga ledar abincin nan na gyaɗa da madara, a zauna gefe a ga ko zai ci. In ya ci, gida za su koma da na mako guda. In ya ƙi, gado. Duk wannan ni na iya. Abin da ban iya ba shi ne abin da take yi: ta lissafa yara nawa za su kamu a ƙaramar hukuma kafin kaka, katan nawa za a nema, me ya sa iyaye ke daina zuwa a wata cibiya, ta zauna da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi ta fahimtar da su da alƙaluma. Kuma abincin nan yanzu ana yin sa a gida Najeriya, a Kano da nan Legas, su ma masana'antun suna ɗaukar ma'aikata.

Sai dai Baban Hafsat, kada in ɓoye maka. Aikin ƙungiyoyi na kwantiragi ne. Da Amurka ta janye tallafin USAID a 2025 mutane da yawa da na sani sun koma gida. Kada ta shiga da tunanin za ta kwashi dala.

Kawu Bala, Alaba Rago:
Yauwa, ga maganar da nake jira. Ɗan ƙanena ya gama irin wannan karatu, ya daɗe yana neman gurbin horon asibitin nan bai samu ba, yanzu waya yake sayarwa. Ku faɗi wannan ma.

Malama Zulai, Surulere:
Kawu, gaskiya ka faɗa, kuma abin yana min ciwo. Guraben horon sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. Asibitoci da dama ba su da mai tsara abinci ko ɗaya. Albashin gwamnati kuma ba ya kai na likita, wasu abokan aikina sun bar ƙasar. Nas ta fi saurin samun aiki, Alhaji bai yi ƙarya ba a nan. Abin da na gani shi ne waɗanda suka tsaya da ƙafarsu sun haɗa digirin da wata ƙwarewa guda da suka riƙe gam. Wata ciwon suga, wata abincin jarirai da shayarwa, wani lissafin bayanai a kwamfuta. A ce wa ɗan naka ya koyi wannan na ƙarshen, ana nemansa sosai, kuma ana koyo ta intanet.

Maman Ilham, Agege:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni mai jiki ce, bayan haihuwa ta huɗu nauyin ya ƙi sauka. Na je wani asibiti da ciwon gwiwa, ma'aikaciyar ta kalle ni sama da ƙasa a gaban mutane ta ce in rage ci kawai. Na fito ina hawaye, ban koma ba. In irin wannan ake koya musu, gara kada yarinyar ta je.

Malama Zulai, Surulere:
Yaya, Allah ya huci zuciyarki. Abin da aka yi miki kuskure ne, kuma akasin abin da ake koyarwa ne. Ƙiba ba lalaci ba ce. Akwai gado, akwai haihuwa kusa-kusa, akwai ƙarancin barci, akwai wasu magunguna, akwai raunin ƙwayar tayirod ta wuya da ke rage aikin jiki, akwai zaman ɗaki ɗaya a unguwar da babu inda mace za ta taka. Wanda ya san aikinsa tambaya yake fara yi. Ba ma cewa ki koma kamar budurwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, a hankali cikin watanni, yana sauƙaƙa wa gwiwa, yana sauke suga da hawan jini. Ki yi min magana ta gefe.

Anti Nas, Idi-Araba:
Tunda an zo nan, a taɓo ɗaya ɓangaren. 'Yan matanmu da amare masu shan sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Yawanci deksametason ne, wani lokaci a haɗa da maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Fuska ta kumbura a ce ta yi kyau, alhali suga yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana rauni, garkuwar jiki tana faɗuwa. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke shi lokaci ɗaya, sai likita ya riƙa rage mata, in ba haka ba tana iya faɗuwa. Ga kuma masu tallan shayin rage tumbi a Facebook da TikTok, kowa ya sa farar riga ya zama masani. Wa zai yi wa matanmu bayani da harshensu a islamiyya da gidan suna in ba 'ya'yanmu da suka karanta ba?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Wannan na yarda, na gani a gidana. Amma Dakta, ku ne kuka sa gwamnati ta ɗora haraji a kan lemo ko? Talaka da ɗan abin da yake sanyaya maƙoshi.

Dakta Sani, Yaba:
Mu ne, Alhaji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Dokar kuɗi ta 2021 ce ta kawo naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Robar lemo ta rabin lita, wasu suna ɗauke da sukari sama da giram 50, cokalin shayi 12 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babba. Roba ɗaya ta cinye kason ranar. Meziko ta sa irin wannan haraji a 2014 kuma saye ya ragu, Ingila da Afirka ta Kudu suka bi a 2018, a Ingila kamfanoni da kansu suka rage sukarin don su kauce wa biya. Namu naira 10 a farashin yau ba ta hana kowa komai. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2016 ita ce harajin ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100.

Kuma Baban Hafsat, ka lura, wannan ma aikin masu fannin ne, aikin da ba a ganin mai yin sa. Gishirin da ke kicin ɗinka akwai aidin a ciki tun shekarun 1990, shi ya sa maƙoƙo ya yi ƙaranci, alhali da muna yara kowane gari akwai masu shi. Tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa. NAFDAC ta kafa iyaka ga mugun kitsen nan na masana'anta da ake kira trans fat, giram 2 cikin 100 na mai. Kowanne sai da wasu suka yi awo, suka rubuta, suka yi ta kai da kawo a Abuja shekaru.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Na gishiri da mai ban musa ba. Na haraji dai ban gamsu ba. In za a karɓa a nuna mana asibitin da aka gyara da kuɗin. Kuma a fara sauke farashin kifi da ƙwai kafin a hana mutum lemo.

Dakta Sani, Yaba:
A kan inda kuɗin ke zuwa, ni da kai bakinmu ɗaya. Mu ma abin da muke nema ke nan, a ware shi ga lafiya.

Maman Ilham, Agege:
Maganar tsadar nan ita ce. A ce ka ci kayan lambu da 'ya'yan itace, da wane kuɗi?

Ɗan Gwarzo, Obalende:
Hajiya, a nan ake gane gwani. Shugabar da na ambata ba ta taɓa ce wa uwa ta sayi abin gwangwani ba. Gero ko dawa, waken suya, gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa, a dama wa yaro kunu mai kauri da ɗan manja da garin zogale. Awara, ƙuli-ƙuli, daddawa, rama, yakuwa, ɗanyen kuɓewa, duk muna da su har a Agege da Mile 12. Amma kafin ta ba da wannan shawara sai da ta zaga kasuwa ta rubuta farashin komai, ta lissafa abin da naira ɗari za ta saya na furotin a wake da a nama. Da farashi ya canza ta sake lissafi.

Hafsat, ta wayar Baba:
Assalamu alaikum iyayena, na gode. Baba ya ba ni in karanta. Anti Zulai, in na gama ina so in yi aiki a kan ciwon suga, domin shi ya ɗauke kakata, kuma har ta rasu ba mu san me ya kamata mu ba ta ba, kowa da abin da yake faɗa. Me zan fara yi tun yanzu? Kuma ana iya zama Dakta ta wannan hanya?

Malama Zulai, Surulere:
Allah ya jiƙan kaka, 'yata. Ki riƙe ilimin sinadaran jiki da lissafin ƙididdiga tun ajin farko, su ke kayar da mutane. Lokacin hutu ki nemi cibiyar lafiya ta unguwarku ki roƙi a bar ki kina taimakawa ranar awon jarirai, ki iya sikeli da allon tsawo da tef har hannunki ya saba. Ki koyi Yarbanci sosai tunda a nan kika tashi, mai Hausa da Yarbanci da Turanci a asibitin Legas ba ta da na biyu. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta abincinmu da awonsa, malmalar tuwo giram nawa, dunƙulen fura nawa, domin littattafan da za a ba ki ba su cika kawo su ba. Sannan azumi: yadda mai ciwon suga zai yi sahur da buɗa baki, da wanda bai kamata ya yi azumin ba sam, wannan fage ne da mutanenmu ke matuƙar bukata, kuma sai an haɗa kai da likita da malamai. Dakta kuwa, ana zama ta digiri na uku, ki koyar a jami'a ki yi bincike. Ba za ki rubuta magani ko ki yi tiyata ba, ki san wannan tun yau don kada ranki ya riƙa komawa baya.

Kawu Bala, Alaba Rago:
Ni dai har yanzu da 'yata ce nas zan ce ta yi. Amma tunda yarinya ta san abin da take so, a bar ta. Malama, zan turo miki lambar yaron nan ki faɗa masa abin da zai koya.

Baban Hafsat, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Alhaji da Kawu da suka faɗi ɓangaren da ba daɗi. Na karanta wa uwarta duka. Ba ta sauka gaba ɗaya ba, ta ce sai ta ji daga bakin Malama Zulai ido da ido. Malama, in Asabar ta yi miki, bayan la'asar za mu zo mu uku. Kuɗin karɓar gurbin kuma zan biya gobe in sha Allahu kafin wa'adi ya cika. Wanda yake da ɗan'uwa amintacce a Sabo ta Abeokuta ya taimaka min da lambarsa ta gefe, saboda maganar masauki.